Ɓatan Watan Mersiha

Ana gobe ƙaramar Sallah, da hantsi, Mersiha na durƙushe a kicin tana murza ƙullin fulawar baklava, kayan zaƙin Sallah, har ya yi falan-falan kamar takarda. Yayar mijinta, Zumreta, na zaune kusa da taga. Wai taya aiki ta zo yi, amma tun da ta shigo ba abin da hannunta ya taɓa sai carbi.

"Ƙara man shanu. Baklavar gidan nan ba a yi mata rowa."

"To, Yaya."

Zumreta ta ƙare mata kallo. Can ta ajiye carbin a cinya.

"Ke Mersiha, ɗago ki dube ni. Azumin nan tun daga farkonsa har yau ban ga ranar da kika sha ba. Tarawi kuma kullum kina gefena a sahu. Kafin azumin ma ban ga kin yi fashin sallah ba."

"Haba Yaya! Har ƙirga mini kike yi?"

"Ido gare ni, ba ƙirga ba ce. Ɓatan wata kika yi?"

Mersiha ta sunkuyar da kai. "Ya kwana biyu dai bai zo ba. Wata na uku ke nan. Amma Yaya, ki duba shekaruna, arba'in da huɗu fa..."

"Shekarunki me? Kakarmu ta haifi autanta tana da jika a hannu!"

Daidai lokacin Vahidin ya turo ƙofa da rungumen itace. Dogon mutum ne, mai sanyin magana, furfura ta fara cin gefen kansa. Kafin Mersiha ta buɗe baki, Zumreta ta miƙe tsaye da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Albishirinka, ɗan autan Mama! Sai ka ba da tukuici mai tsoka. Gidan babanmu ba zai mutu ba!"

Itacen ya zube a ƙasa. Vahidin ya dubi yayarsa, ya dubi matarsa.

"Mersiha... da gaske?"

Ta so ta ce masa ba ta tabbata ba. Amma abin da ta gani a idonsa ya sa maganar ta maƙale, sai kawai ta yi murmushi. Ya fita tsakar gida, ta hango shi ta taga yana tsaye a ƙarƙashin bishiyar tuffa, ya ɗaga hannu sama.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da aurensu. Mijin Mersiha na farko ya rasu a shekarun yaƙi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Lamija, wadda ta raina da kuɗin ɗinki a birnin Tuzla. Shi kuwa Vahidin bai taɓa aure ba. Samartakarsa ta tafi a aikin gini a ƙasar waje, sauran kuma a jinyar mahaifiyarsa da ta shanye a kwance. Bayan rasuwarta ne ya riƙa kai zuma kasuwar Tuzla, inda wata mata mai shuɗin gyale ta riƙa zuwa saye duk mako. Ran nan ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baiwar Allah, mutum nawa ne a gidanki da kuke shanye zuma haka?" Ta ce, "Mu biyu ne. Kwalabe na nan jere, ko buɗe su ba mu yi ba." Daga nan aka fara.

Zumreta ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ita ta goyi Vahidin, ita ta zama uwa gare shi, gidanta kuma na manne da nasa a ƙauyen Brezik, shinge ne kawai a tsakani. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna Ostiriya, sai a waya. Tun ranar da ta ji zancen auren ta ce, "Ka jira shekara arba'in da takwas don ka kwaso wadda ta gama yayi? Wa zai gaji gonar nan? Wa zai amsa sunan babanmu?" Ya ce, "Yaya, ita nake so." An ɗaura aure, Zumreta ta zo ta ci abinci, ta tafi ba ta yi wa amarya fatan alheri ba.

Yanzu ga shi a wuni ɗaya komai ya sauya. Ranar Sallah, Zumreta ta zaunar da Mersiha a kujera mai laushi, ta hana ta ɗaukar ko tiren gahawa. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ja ta gefe ta raɗa mata.

Lamija ta iso daga Tuzla da azahar. Shekarunta ashirin da uku, tana aiki a shagon sayar da wayoyi, bakinta ba ya ajiye magana. Tana jin labarin ta ja uwarta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mama, siriyos? Kin yi tes?"

"Wane tes kuma? Lokacin cikinki wa ya yi mini tes?"

"Mama, wancan zamanin daban! Jibi in an buɗe kemis zan sayo miki."

Ta sayo guda biyu. Da safe Mersiha ta gwada na farko, Lamija ta karɓa ta ɗaga shi wajen haske.

"Layi ɗaya ne. Babu komai, Mama. Sori."

"Ƙila abin ne ya lalace."

Washegari suka gwada na biyun. Layi ɗaya.

Lamija ta riƙe hannunta. "Ki gaya wa Baffa Vahidin yau. Sannan ki zo mu je asibiti a duba me ya tsayar da shi."

"Bari hidimar Sallah ta wuce."

Hidimar Sallah ta wuce, Lamija ta koma, Mersiha ba ta faɗa ba. Ta yaya za ta faɗa? Mutumin da ya shekara talatin yana shan sigari ya jefa kwalinsa a murhu, wai kada hayaƙi ya taɓa yaro. Da asuba shi ke tatsar saniya, shi ke ɗebo itace. In ta miƙe sai ya ce, "Zauna, ranki ya daɗe, me kike so a kawo?" Wani lokaci zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau fuska, gumi ya jiƙa mata gyale ko da gari da sanyi. Zumreta ta gani ta tafa hannu: "Namiji ne! Haka na yi ta zufa a cikin babban ɗana." Har ita Mersihar kanta takan dafa mararta a ɓoye ta ce, to wa ya sani? Abin roba ne zai fi Allah sani?

Kullum ta tashi da niyyar yau za ta faɗa. Kullum rana ta faɗi ba ta faɗa ba.

Da kaka ta yi, tuffa ta nuna har rassa suna taɓa ƙasa, aka sa ranar dafa pekmez. Maƙwabta suka taru, maza na matse tuffa, mata na juya ruwan a faffaɗar tukunya a kan wuta har ya yi kauri ya yi baƙi. Mersiha ta gaji da zama kamar baƙuwa a gidanta, ta faki idon Zumreta ta ɗauki bokiti ɗaya na ruwan tuffa. Ba ta kai bakin murhu ba ta ji wani ɗumi na bin ƙafarta. Ta ajiye bokitin a hankali ta shige gida.

Jini ne, amma ba irin wanda ta saba gani ba. Ta sauya tufafi, ya sake jiƙewa. Da jiri ya fara ɗibarta, ta leƙa ta taga ta kira mijinta.

Zumreta ce ta riga shi shigowa. Tana gani ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Ban ce kada ki ɗaga komai ba? Ban faɗa ba? Kin zubar mana da shi saboda bokiti!"

"Yaya, ya isa," in ji Vahidin. Ya naɗe matarsa da bargo ya sa ta a mota.

A asibiti aka kwantar da ita, aka ɗibi jini, aka yi mata hoton ciki. Lamija ta baro shago a guje. Likitar, Dakta Senada, mace ce mai ƙaramin jiki da tabarau a kan hanci. Bayan ta duba sakamakon ta ce a shigo da mijin.

Vahidin ya shigo yana murza hularsa. "Likita, yaron... ya fita?"

Ta dube shi a natse. "Malam, zauna. Ba ɓari ta yi ba. Babu ciki, kuma dama ba a yi shi ba."

"Amma wata huɗu ba ta ga..."

"Na sani. Ba kowane ɓatan wata ne ciki ba. Nan ɗakin kullum sai na faɗi wannan maganar. Wata damuwa ce ke tsayar mata da shi. Wata ramewa ce ko ƙiba ta farat ɗaya, wata aikin wahala. Wata matsalar a wuya take, wurin da maƙoƙo ke fitowa, in ya yi sanyin aiki ko ya yi gaggawa sai al'ada ta rikice. Wata ƙananan ƙuraje ne a ma'ajiyar ƙwai, wata kuma maganin da take sha ne. Shi ya sa muke gwaji, ba ma yin duba."

"To ita wanne ne nata?" in ji Lamija.

"Wuyanta lafiya. Ita lokaci ne ya fara. Jikin mace in ya doshi daina al'ada ba ya tsayawa tashi ɗaya. Ya ɗauke wata uku, ya dawo da yawa, ya sake ɓacewa. Zafin nan da zufar da ta ce tana ji, duk shi ne. Sannan akwai ɗan tsiro a cikin mahaifa, shi ya ƙara yawan jinin. Za mu cire shi mu aika a duba. Yawancinsu ba mugaye ba ne."

Vahidin ya dubi likitar. "Haihuwa fa, likita?"

"Ba zan ce ba zai yiwu ba, don ba ni ke bayarwa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, damar kaɗan ce ƙwarai." Ta juya ga Mersiha. "Ke kuma ki ji. Duk jinin da ya yi yawa haka, ko ya zo a tsakani, ki zo. In kuma ya ɗauke shekara guda cur sannan kika sake ganin ko ɗigo, kada ki zauna a gida. Wannan ba a jira da shi."

Da likita ta fita, Lamija ta bi ta da tambayoyi, aka bar su su biyu. Vahidin ya zauna a bakin gadon ya kama hannun matarsa.

"Kada ki damu. Duk mun yi kuskure tare."

Hawaye ya zubo mata. "Ba tare ba ne, Vahidin. Na sani. Tun bayan Sallah na gwada, sau biyu. Babu."

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun bayan Sallah?"

"Na kasa faɗa maka. Na ga yadda kake..."

"Kika bar ni ina ta zaɓen suna? Kika bar ni na gaya wa liman ya sa mu a addu'a?"

Bai ɗaga murya ba, bai saba ba. Ya zare hannunsa a hankali, ya gyara mata bargo, ya ce zai je ya kai wa Yaya labari. Mersiha ta bi bayansa da kallo. Da ya zage ta ma da ya fi mata sauƙi.

An cire tsiron, sakamako ya dawo cewa ba mugu ba ne. Vahidin ya zo kullum, ya kawo miya da burodi, ya tambayi jiki, ya tafi. Ranar da aka sallame ta ya mai da ita gida. Ba su daɗe da shiga ba ta jiyo muryar Zumreta daga bakin shinge, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ta mai da mu abin dariya a Brezik! Da wane ido zan kalli matan masallaci? Ta san ta bushe, ta riƙe ka da ƙarya don kada ka farga! Har yanzu da sauranka, Vahidin. Namiji ba ya tsufa. Ka sallame ta cikin mutunci, ni zan nemo maka yarinya."

Mersiha ta kasa kunne ta ji me zai ce. Ba ta ji komai ba sai ƙarar gatari a kan itace.

Washegari, yana gona, ta haɗa 'yar jakarta ta hau motar safe. Ta tsaya wajen maƙwabciya ta ce a gaya masa tana wurin Lamija, kada ya nemi kowa.

"Mama, wallahi ba ki kyauta ba," in ji Lamija tana zuba mata shayi. "Kin yi laifi ɗaya, kin ɗora na biyu. Guduwa kuma?"

"Ba guduwa na yi ba. Hanya na ba shi. Shi kaɗai ne namiji a gidansu. Yayarsa ba ta yi ƙarya ba, zai iya samun ɗa da wata."

"Oke, shi kin tambaye shi?"

Mersiha ta jawo tsohon kekenta na ɗinki daga ƙarƙashin gado ta fara share masa ƙura.

Kwanaki suka shuɗe ba waya, ba saƙo. Sai ran nan da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lamija ta buɗe, ta ce, "Lah, Baffa! Ni dama zan fita sayen kati," ta ɗauki jakarta ta sulale.

Ya rame. Ya tsaya a tsakiyar falon da takalminsa na gona a hannu, ya rasa inda zai ajiye.

"Na yi fushi, Mersiha. Ba zan ce ban yi ba. Na so yaron nan kamar raina, yaron da babu shi ma. Na zauna ni kaɗai na yi masa kuka, kamar wanda ya binne ɗa."

"Ka yafe mini."

"Bari in gama, kin san magana ba ta zo mini da sauƙi. Na yi ta tunani, me ya sa matata ta ji tsoron gaya mini gaskiya? Sai na ga ni ne. Ranar nan ban tambaye ki yaya jikinki ba, murnata kawai na gani. Wata huɗu jikinki na faɗa miki wani abu, ni ina zaɓen suna." Ya ajiye takalmin. "Da kika tafi, na dafa gahawa na zuba kofi biyu, na zauna ina kallon ɗayan har ya huce. Na doshi shekara hamsin ba ɗa, na rayu. Kwanakin nan ba ke, ban san me nake yi ba."

"Yaya fa?"

"Na gaya mata. Na ce ita uwa ce a wurina har in mutu, amma matata ɗaya ce. Ki tashi mu tafi gida. Sharaɗi ɗaya: daga yau, mai daɗi da marar daɗi, ni zan fara ji."

Ta rufe fuska da gyalenta tana kuka tana dariya. "Ka koma shan sigari ko? Ina jin warinsa."

"Kara uku kawai. Ke kika jawo."

Ta koma Brezik. Zumreta ta daina shiga gidan. In sun haɗu a hanyar masallaci ta ɗauke kai. Mersiha ba ta fasa gaishe ta ba, duk ranar da ta gasa pita, naɗin fulawa mai nama a ciki, kuma sai ta yanka rabon Yaya ta ɗora a kan shinge. Wani lokaci farantin ya kwana a wurin, kaji su cinye. Vahidin ya ce ta daina wahalar da kanta. Ta ce, "Ita ta goye ka. Ko don wannan ba zan daina ba."

Sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe gonar. Wata safiya Mersiha ta lura hayaƙi bai tashi daga gidan Zumreta ba har rana ta ɗaga. Ta yafa mayafi ta tsallaka shingen. Sallama uku ba amsa, ta tura ƙofa.

Zumreta na zaune a ƙasan banɗaki, ta jingina da bango, fuskarta ta yi fari fat. Gabanta baho ne da zanin gado a jiƙe, ruwan ya yi ja.

"Fita! Wa ya kira ki?"

Mersiha ta durƙusa. "Yaya, jinin nan daga ina?"

Tsohuwar ta juya kai. Sai can, da wata ƙaramar murya, ta ce, "Shekara tara rabona da shi. Tun bazara ya dawo, ɗigo-ɗigo. Na ce ƙila ragowa ce. Yanzu kuma... Alhakinki ne, Mersiha. Na san alhakinki ne ya kama ni."

"Tun bazara aka fara, lokacin ba ki ce mini komai ba tukuna. Ba alhaki ba ne, ciwo ne, kuma likita ta ce irin wannan ba a jira da shi. Tashi."

"Ni? In je in buɗe jikina a gaban yara da shekaruna hamsin da tara? Gara in mutu a ɗakina. Kuma kada ki kuskura ki gaya wa Vahidin!"

"Zan gaya masa, Yaya. Na ɓoye masa abu sau ɗaya, kin ga inda ya kai mu. Likitar mace ce, ni zan shiga da ke, hannunki na cikin nawa har a gama."

Ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta sa mata kaya masu ɗumi, sannan ta leƙa ta ƙwala wa mijinta kira.

Wannan karon Dakta Senada ba ta yi murmushi ba. Bayan gwaje-gwaje ta ce ciwon daji ne a bangon mahaifa, amma bai bazu ba. "Kun zo a kan gaɓa. Da an ƙara watanni, da wata magana muke yi." Aka yi aiki aka cire mahaifar. 'Ya'yan Zumreta suka yi ta bugo waya suna kuka, babban ya zo ya yi kwana biyu ya koma bakin aiki. Mersiha ce ta zauna. Ita ke juya ta, ita ke kai ta banɗaki, ita ke ba ta miya a baki. Da aka sallame su ba ta tambayi kowa ba, ta sa Vahidin ya shimfiɗa gado a ɗakinsu na ƙasa kusa da murhu.

Zumreta ba ta iya ba da haƙuri ba, ba a halicce ta da shi ba. Sai dai wata rana Mersiha na taje mata kai, ta kamo hannun ta ɗora a kumatunta, ta riƙe shi a wurin. Mersiha ta ji ɗumin hawaye a tafinta.

"Na ce kin bushe."

"Kin faɗa, Yaya."

"Yanzu ni ko mahaifar ma babu."

"To mun zama biyu. Sunkuyo in gama miki kitson."

Da bazara ta dawo, Zumreta ta fara takawa da sanda. Ran nan suna zaune a baranda su uku suna shan gahawa, sai ga Hajrija, wata dattijuwa daga ƙauyen gaba da ta shahara da haɗa aure. Ta gaisa, ta zauna, ta yi ta ƙifta wa Zumreta ido. Da ta ga ba a gane ba, ta matso ta rage murya, irin ragewar da kowa ke ji.

"Maganar nan da kika sa ni tun kaka... an samu. Shekarunta ashirin da tara, lafiyayya, uwarta ta haifi bakwai."

Vahidin ya ajiye kofinsa. Mersiha ta dubi ƙasa.

Zumreta ta dogara sandarta ta miƙe tsaye.

"Hajrija, shanye gahawarki."

"Ai ban gama ba..."

"Shanye, na ce. Ki kai wa mai bakwai ɗin nan gaisuwata, Allah ya ba ta miji nagari a wani gidan. Mu nan an rufe. Kin ga wannan?" Ta dafa kafaɗar Mersiha. "Na haifi biyu da cikina, suna can. Wannan ban haife ta ba, na zage ta har maƙwabta suka ji, ita ta ɗauke ni daga ƙasan banɗaki. In gonar babanmu ba ta sami magaji ba, Allah ne magajin kowa. Kuma ke, kin kai sittin ko? In kin taɓa ganin wani abu a zaninki, kada ki tsaya shan ganye, ki zo ƙanwata ta raka ki asibiti."

Hajrija ta kurɓe gahawar da zafinta ta yi sallama. Vahidin ya bi ta da kallo har ta fita, sannan ya fashe da dariyar da aka daɗe ba a ji irinta a gidan ba.

"Me kake wa dariya, sakarai?" in ji Zumreta tana komawa kujera. "Tashi ka ƙaro wa matarka gahawa."

Allah bai ba Mersiha da Vahidin haihuwa ba. Ya ba su zaman lafiya, ya bar musu Yaya da ranta, suka tsufa a gida ɗaya ana faɗa ana shiryawa. Jikin mace yana da dalilansa masu yawa, ba kowane ɓatan wata ne albishir ba, ba kowane jini ne laifin wani ba. A tambayi masani kafin a yi guɗa ko a yi zargi. Gaskiyar da aka ɓoye don tausayi takan dawo da zafi biyu. Wanda kuma ya haƙura da mai zaginsa, wata rana da bakin nan za a kare shi.